Taken Buba

In na ce muku na taɓa nome gona sukutum ban taɓa ƙotar fartanya ba, za ku ce Sule Kaset ya fara. To ku ce ɗin. Amma kafin ku gama dariya ku hau babur ku je kasuwar Gwiwa ranar da take ci, ku tambayi wani dogon tsohon Bafulatani mai suna Buba. Mutumin nan ko cewa na yi rana daga gabas take fitowa sai ya leƙa waje ya duba, amma wannan maganar zai gyaɗa muku kai. Zai ɗora da wata magana tasa a kai, wannan ba sai kun tsaya saurare ba. In bai gyaɗa ba ku dawo ku aske mini gemu, ni zan kawo rezar.

Daminar bana ce ta tono mini labarin. Ruwa ya sauka da wuri, muka yi ta murna, muka zuba iri, gero ya fito ya yi kunne, sai sama ta ɗauke kamar an ɓata mata rai. Yanzu in ka leƙa gona da rana, ganyen duk ya nannaɗe kamar sigari. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida, zafi ya hana ni ko ƙarya, sai na ji yatsuna suna buga benci su kaɗai. Biyu, shiru. Biyu, shiru. Na ce af, ashe hannu ya fi ni riƙe abu.

A shekarar da abin ya faru ban daɗe da aure ba. Na dawo ƙauyenmu, nan tsakanin Gwiwa da Roni, daga cin rani a Kano da kaya iri biyu: rediyo mai cin kaset, da baki. Rediyon batirinsa ya ƙare tun kafin in gama nuna wa dangi. Bakin har yau yana aiki. Allah kuma ya ba ni kunne, duk kiɗan da na ji sau ɗaya zan juyo maka shi a bayan kwano, ba ragi ba ƙari. Nan sunan Kaset ya samo asali, kuma ni a lokacin gani nake duk ƙasar Kazaure babu makaɗi kamata, ganga ce kawai ban mallaka ba.

Mun yi binne tun bazara, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Ruwan farko ya zo da kyau, na biyu ya ɗan taɓa. Daga nan shi ke nan. Kullum da yamma hadari zai haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, yara su tuɓe riguna, sai iska ta zo ta kore shi ya tafi wajen Babura. Mutanen Babura kuma in kun haɗu a kasuwa su rantse maka mu ya yi wa. Zafi kuwa, kaza ta yi ƙwai a tsakar gidanmu, kafin matata Ladi ta sunkuya ta ɗauka ya dahu. Kar ku kalle ni haka. Da ba a shekarar yunwa ba ne da na ajiye muku shi shaida, cinyewa muka yi.

Yunwar ba da gudu ta shigo ba. Da farko Ladi tana miƙa hannu ta ciro gero daga rumbu. Sai ta koma sai ta zura kai. Sai ta koma shiga gaba ɗaya, ina jin ƙarar tsintsiya a ciki. Da safe kunun tsamiya, tsararo, wanda kafin ka kurɓa sai ka ga fuskarka a ciki kun gaisa. Da rana ba a ɗora tukunya, kowa ya san wannan, ba mai tambaya. Da yamma kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli, ranar da aka yi sa'a garin rogo. Abin da ya fi damuna ma ba cikin ba ne, shirun ne. A garinmu turmi ke tashin mutum da asuba, daga wannan gida zuwa wancan, kowace mace da irin dakanta, ina kwance zan faɗa maka wace ce. A shekarar nan turame suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta samu ɗan abin dakawa ma a hankali take yi, don kar maƙwabta su ji su ji ciwo.

Maza ba aikin yi. Ka je gona da safe ka kalli gero yana mutuwa, ka dawo. Daga hantsi sai gindin tsamiyar bayan kasuwa. A nan na tarar da mutum uku suna wani abu da ban gane kansa ba.

Na farko Baba Tanko, makaɗin noman garinmu. Wanda bai san kiɗan noma ba bari in gaya masa. In mutum ya yi gayya, wato ya kira gari su taya shi noma shi kuma ya ciyar da su, Baba ne ke bin bayan manoma da ganga. Kowane manomi da takensa, ɗan gajeren kiɗa da ke kiransa shi kaɗai, wasu ma na ubanninsu suka gada. In Baba ya buga takenka, ko haƙoranka na kaɗawa don gajiya sai ka ji kafaɗunka sun tashi. A shekarar nan ba gayya, sai yake fito da gangar gindin tsamiya, wai kar ta manta hannunsa.

Na biyu Bitrus mai faci, mutumin can wajen Jos, rumfarsa na jikin tsamiyar. Ba mai kawo faci, don wanda ke da keke ya sayar ya ci. Sai ya rataye garen keke a reshe yana bugawa da sifana.

Na uku Buba. Farin nan ya cinye masa garke, waɗanda ba su mutu ba ya sayar a wulaƙance, saura saniya guda. Yana da sarewa ta kara. Kakata Babarbariya ce, don haka ni da shi abokan wasa ne, tun ranar farko ba mu taɓa gaisawa ba zagi ba.

Ba mai cewa a fara. Baba zai ɗan taɓa ganga kamar mai tambayar lafiya. Bitrus ya amsa da ƙarfensa. Buba ya ɗaga sarewa ya bi ta samansu. Sai ka ji abu ya miƙe, ya yi kwana, ya dawo, wani ya jefo sabon abu sauran su cafe. In sun gaji su tsaya tare kamar an busa usur, su yi dariya.

Na ce, "Baba, wane kiɗa ne wannan?"

Ya ce, "Na yau."

"Sunansa fa?"

"Yanzu aka haife shi. In ya kwana ma raɗa masa."

Ni kuwa na kwashe shi tsaf a kai. Washegari na zo da kwanon shan Ladi da 'yan sanduna biyu. Suna farawa na sako musu na jiya, cif, har inda Baba ya yi tari sai da na bar wa tarin wurinsa. Suka tsaya suna kallona.

Buba ya cire sarewa daga baki ya ce, "Baba, Babarbare ya kawo mana ɗumame."

Na ce, "Kai da ba ka san komai ba sai busa wa shanu? Wannan kiɗa ne na ƙwararru."

Bitrus ya ce, "Sule, ka iya fa, wallahi ka iya. Amma mu mun tashi daga wurin nan tun jiya."

Baba kuwa kashegari ya zo mini da kurya, 'yar ƙaramar gangar da ke rakiyar babba, ya ajiye a gabana. Bai nuna mini ko bugu ɗaya ba. Na ce, "Baba, me zan buga?" Ya ce, "In ka ji wuri ka shigo."

Wuri kuwa na ji shi ko'ina. Duk inda aka ɗan yi numfashi na cusa kurya. Buba zai ɗaga sarewa ya tarar na riga na zauna a wurinsa. Baba yana kiran wannan ɗan shirun da ke tsakanin bugu da bugu ƙofa. Kullum maganarsa ke nan, "Sule, bar wa Buba ƙofa." In ban bari ba ya sa ƙafa ya take mini sanda, bai fasa nasa kiɗan ba.

Ran nan ya ce, "Wai in ana hira a gidanku, kowa magana yake a lokaci guda?"

Na ce, "Haka ake yi, Baba."

Ya ce, "Allah ya ba Ladi haƙuri."

Wata rana ya karɓe sanda ɗaya. Na ci gaba da ɗayar, na haɗa da tafin hannu. Kashegari ya karɓe duka biyun ya zauna a kansu, ya ce yau da kunne zan yi kiɗa. Jama'a, na yi yunwa a shekarar nan, amma ban sha wahala irin ta wannan yinin ba. Yatsuna har kuka suke. Sai dai a ranar na fara jin cewa ba kowa ke nasa ba, magana suke. Baba zai tambaya, Bitrus ya tsokane shi, Buba ya raba. Akwai inda Buba ke shiga wani busa mai sanyi, wanda yake yi wa shanunsa in za su koma ruga da yamma, sai Baba ya sassauta hannu har gangar ta koma kamar bugun zuciya, ya raka shi, ba mai kallon fuskar wani.

Haka muka ci farin nan. In an kira azahar mu tafi masallaci, Bitrus ya zauna gadin ganga, don awakin shekarar nan sun kai matsayin cin fata. In mun dawo wani lokaci ya ciro ƙullin garin rogo daga aljihu, a jiƙa a kwanon Ladi, kowa ya sa hannu. Baba kullum shi ke fara cewa ya ƙoshi. Ƙarya yake, ta fi duk nawa girma, amma ba mai ƙaryata shi.

An fita roƙon ruwa har tsofaffin da ba sa iya tafiya aka riƙo. Ba a ranar ya zo ba. Sai da muka fara cire rai, wata la'asar iska ta juyo da wani ƙamshi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, awaki suka fara kuka. Ɗigon farko da ya faɗo mini a goshi ya kai girman ƙwan zabo. Aka yi ruwa kamar sama na huce haushi. Tsofaffi da gemu suna tsaye a ciki suna dariya. Kuma da ya dawo bai ƙara tsayawa ba.

Abin da ruwa ya fara rayawa kuwa ba gero ba ne, ciyawa ce. Harƙiya da ƙarangiya suka taso kamar an yi musu gayya. Kowa ya duƙufa a gonarsa, wasu na sake shuka, wasu na ceton abin da ya rage, ciki ba komai. Tsamiya ta watse.

Gonar Baba Tanko tana cikin kwari, inda ƙasa ke riƙe laima, don haka geronsa bai mutu a farin ba. Duk garin ba mai irinsa. Sai ga shi karkare ya kama masa babban yatsan dama, hannun ya kumbura har gwiwar hannu, ko cokali ba ya riƙewa balle fartanya. 'Ya'yansa mata suna gidajen aure, ɗansa namiji ya tafi Kurmi neman abinci, ba labari. Shi da matarsa Inna Hansai ne kaɗai a gidan. Na bi ta gefen gonar na ga harƙiya ta kamo geron a wuya, ganyen ya fara ja. Wanda ya san gero ya san in ya kai haka 'yan kwanaki ne suka rage. In ciyawar nan ta ci gonar, tsofaffin nan biyu ba su da abin da za su kai wata daminar da shi.

Muka je gidan mu uku. Yana zaune a zaure, hannu a naɗe da tsumma, gangar na rataye a bango.

Na ce, "Baba, a yi gayya mana."

Ya ce, "Da me? Tun ban yi gemu ba nake kaɗa wa garin nan gayya. Ban taɓa ganin an kira maza gona an zuba musu haƙuri a akushi ba. Ba a kaina za a fara ba."

Daga cikin gida Inna Hansai ta ɗaga murya, "In za su ci tafasa, Malam, ina da ita har ta sadaka."

Ya ce, "Ke dai yi shiru."

Buba ya tsuguna a gabansa ya ce, "Baba, ba kai za ka kira ba. Ganga za ta kira. Wanda ya zo don ita ya zo, ba ka yi wa kowa alkawarin tuwo ba. Ni zan zo da 'yan'uwana."

Baba ya ɗaga kumburarren hannun ya ce, "Wa zai kaɗa?"

Bitrus ya kalle ni. Buba ya kalle ni. Baba ya kalle ni, ya ce, "Inna lillahi."

Na ce, "Haba Baba! Wane take ne a garin nan ba ya kaina?" Wannan kam gaskiya ce, ya sani. Sai ya ce in sauko da gangar daga bango, in kuma gasa fatar a wuta da safe, don laima ta sa ta saki.

Ana idar da asuba na hura wutar kara na gasa ganga har ta ɗame, na fita bakin gari na saki kiran gayya. Mutanen gari suka fito, ba da yawa ba, kowa da tasa ciyawar na jiransa. Suka ce don Baba za su yi zuwa hantsi. Sai ga Buba daga ruga da 'yan'uwansa, dogaye, sun fi 'yan gari yawa, kowa ya rungumo fartanyar aro kamar an ba shi jaririn wani ya riƙe. Bitrus ya zo da garensa a kafaɗa. Baba ya zauna gindin gawon da ke gefen gona.

Aka ja layi, kowa da kunyar geron da zai nome. Na sako taken Audu Ƙarfe, Audu ya yi ihu ya duƙa, ƙasa na tashi. Na juya na Iro, Iro ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya ina kira suna amsawa. Ni kuwa kaina ya kumbura ya fi hannun Baba. Na ce yau garin nan zai san wa ya dawo daga Kano.

Ban lura ba sai da na waiwaya. 'Yan gari sun yi nisa, Fulani na can baya. Mutanen da tun kakanninsu sanda suka sani, yau an ce su sunkuya. Wani ya sare gero ya bar ciyawa. Audu ya ɗago ya yi musu ihu, "Kai, ba tatsa ake ba, sara ake!" Aka kwashe da dariya. A wata shekarar wasa ne, su ma sai su rama. Amma waɗannan mutane ne da suka binne shanunsu da hannunsu, suka fito ba su karya ba. Ƙanin Buba, Sambo, ya miƙe ya saɓa fartanya a kafaɗa ya nufi hanya. Biyu suka bi shi. Sauran suka tsaya suna kallon juna. In suka tafi, 'yan gari za su tashi da hantsi, ko rabin gonar ba a yi ba.

Buba ya tako har inda nake. Ya ce, "Babarbare, kowa ka kira shi. Mu fa? Ba mu da suna a cikin gangar?"

Na buɗe baki zan mayar da wasa, sai na ga idonsa. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi mini magana ba dariya a ƙasanta ba sai ranar.

Ba su da take. Ina za su samu, ubanninsu ba su yi noma ba? Kuma ba a ara wa mutum taken wani, kamar ka kira shi da sunan uban wani ne, sai a yi faɗa. Na juya kaset ɗin kaina gaba da baya, wayam. Na ruga gindin gawo.

"Baba, wanne zan buga musu?"

"Ni na sani? Ban taɓa ganin Buba da fartanya ba sai yau."

"To yaya zan yi? Tafiya fa za su yi!"

"Yi abin da ka fi tsana."

"Me?"

"Shiru."

Na koma na tsaya a tsakiyar gona da ganga a kafaɗa, hannuna a sake, kamar wawa. Kowa ya juyo yana kallona. Buba, don ganin girman Baba, ya koma kunyarsa shi kaɗai ya duƙa. Da kiɗa ya ɗauke sai na ji fartanyarsa. Cas, cas. Sai ya ɗago kai. Cas, cas. Ya sake ɗagowa. Manomin gaske ba ya ɗago kai sai ya kai ƙarshen kunya, shi ya sa suke barinsa a baya. Na ce me mutumin nan yake kallo? Na bi idonsa. Daga gefen gona yake farawa ya zagayo har bakin daji, da sauri, kamar mai ƙirga. Sai na gane. Shanu yake dubawa. Jikinsa bai san sun tafi ba.

Na ɗaga gula, sandar gangar, na bi fartanyarsa. Biyu. Na tsaya. Hannuna na neman cusa wani abu, na danne shi, na bar ƙofar a buɗe har ya gama duba garkensa. Ya duƙa, na sake ba shi biyu. Na tsaya. A ƙofa ta gaba Bitrus ya sako ƙarfensa, ƙil, guda ɗaya tak, kamar ƙararrawar wuyan saniya.

Buba ya juyo ya kalle ni. Ya duƙa, cas, cas, da ya ɗago sai ya saki kiran nan da suke yi wa shanu, dogo, mai lanƙwasa a ƙarshe. Sambo ya kai bakin hanya, ya tsaya cak. Ƙofa ta sake buɗewa, sai muka ji ya amsa daga can.

Ban san sanda suka dawo ba. Na dai ga layin dogayen mutane suna sara biyu tare, su ɗago tare, su yi kira, su duƙa. Da suka samu abin bi sai hannunsu ya daidaita, aka daina sare gero. Bakina kuma, da yake ba ya iya zama, ya samu inda zai shiga ba tare da ya take kowa ba: "Dogo na ruga, sara biyu ka duba garke! Garke na tafe, Buba, sara!" Ban taɓa jin wannan a kaset ɗin kowa ba. Suka ƙara wuta na bi su, suka sassauta na sassauta. Audu Ƙarfe ya ga Fulani na kamo shi, ya yi ihu a ba shi nasa. Na jefa masa takensa a cikin ƙofar Buba, rabi kawai, ya cafe. Ya zama tambaya da amsa, 'yan gari su sara, Fulani su amsa, Bitrus na tsakiya yana tsokanar kowa. Ni kaina ban san abin da zan buga nan gaba ba sai na ji shi ya fito.

Hantsi ya yi, ba wanda ya tuna ya ce zai tafi. Da rana ta take Inna Hansai ta iso da ƙwaryar kwaɗon tafasa, tana ta ba da haƙuri, ba mai sauraronta, hannu kawai ake sawa. Bayanta matar Buba da nonon saniyar nan guda, an ƙara masa ruwa har kifi zai iya rayuwa a ciki. Aka zagaya da ludayi, kowa kurɓi ɗaya. Na sha nono a gidajen biki da na suna, ban taɓa shan mai daɗin wannan ba, kuma wannan ba na cikin ƙarairayina.

Kafin la'asar aka sare kunyar ƙarshe. Geron ya tsaya shi kaɗai a jar ƙasa, iska na kaɗa shi. Muka koma roƙon Allah ya ba mu rana ta kashe ciyawar da aka tuge, ranar nan dai da muka yi wata da watanni muna tsine wa.

Baba ya taso ya bi kunyoyin a hankali, hannu a ƙirji, yana taɓa ganye da na hagu. Ya zo ya tsaya a gabana. Na gyara tsayuwa, na shirya kunne.

Ya ce, "Kana shigowa da wuri."

Na ce, "Baba!"

Ya sa gefen rawani ya goge ido, wai gumi ne. Sai ya miƙo hannun hagu ya taɓa gangar tana kafaɗata. Biyu, shiru. Biyu, shiru. Ya juya wajen Buba ya ce, "Wannan zai kwana. Naka ne, kai da 'ya'yanka."

Geron nan ya yi. Tumun farko Baba da kansa ya kawo gindin tsamiya, hannu ya warke, muka gasa muka murje muka ci mu huɗu, ranar bai ce ya ƙoshi ba. Da kaka ya aika dami ruga, Buba ya dawo da shi, ya sake aikawa, sai da Inna Hansai ta ɗauka a ka ta kai da kanta sannan aka karɓa.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Gangar tana ɗakina. Yanzu in ciyawa ta taso yaro ɗaya ne zai goya tankin feshi, waya a aljihu tana yi masa kiɗa, kafin hantsi ya gama abin da muka yini a kai. Bayansa ba ya ciwo, ni ma ban ce a dawo da ciwon baya ba. Bitrus ya koma facin babura, 'ya'yansa ke yi, shi yana zaune yana ba da umarni. Buba kuwa Allah ya mayar masa da garke, ya kuma zama manomin da ake kwatance da shi, amma har yau sara biyu yake ya ɗago.

Jiya ya biyo ta ƙofar gidana, mu zauna mu kalli sama tare mu ga ko za ta yi mana bayani. Jikokina na wurin. Na faki idonsa na buga benci, biyu, na tsaya. Tsohon nan da sanda a hannu, kansa ya ɗago shi kaɗai ya duba bakin hanya. Yaran suka fashe da dariya. Na ce, "Kun gani? Ni na ƙera masa wannan da hannuna. Ranar nan ni kaɗai na nome gonar Baba Tanko, da ganga, ban taɓa fartanya ba. Buba, gaya musu."

Ya gyaɗa kai, ya ce fartanya kam ban taɓa ba. Sai ya juyo ya dube ni sama da ƙasa.

"Amma Babarbare, ka ji tsoron Allah. Mu muka yi noman, fartanyata ta yi kiɗan. Kai abin kirki ɗaya da ka yi ranar nan shi ne rufe baki, kuma tun daga ranar ba ka sake ba."